Bangon da Awaki Suke Lasa

A bayan ɗakin baƙi na gidana a Gwandu akwai wani wuri a jikin bango, ƙasa da taga, wanda awaki ba su daina lasa ba har yau. Sau biyu ana yaɓe shi da sabuwar ƙasa. Damina huɗu ta wanke shi. Duk da haka, da zarar an sako su da la'asar, wata jar akuya takan nufi can ta kafa baki, sauran su bi bayanta. Matata ta sha cewa in sa a shafe wurin da siminti in huta. Ban sa ba.

A wannan ɗakin mijin ɗiyata ya yi jinya.

Makiyayi ne, daga rugar danginmu da ke kusa da Wurogauri, ta wajen Kalgo. Kakanninmu ɗaya. Namu suka shigo gari suka kama allo da kasuwa, nasu suka tsaya tare da shanu. Dogo ne, siriri, marar yawan magana. A shekara bakwai da ya yi da ɗiyata kafin ciwon, ban taɓa ganin cikin idonsa ba. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa, ya gaishe ni kansa a ƙasa. Ban taɓa ganin ya kai loma baki ba. Ban kuma taɓa lura cewa ban gani ba.

Zazzaɓin taifot ne ya kama shi a farkon bazara. Ya daure da shi a ruga har hanjinsa ya huje. A babban asibiti a Birnin Kebbi aka yi masa aiki. Likita ya ce cikin ya ƙazanta da yawa, ba a iya ɗinke hanjin nan take, don haka sun fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na cikinsa, sun manna masa jaka a kai. Ta nan abin da ya ci zai riƙa fita na wasu watanni. In ciki ya warke, jiki ya yi ƙarfi, za a mayar da hanjin a rufe.

Ni na tsaya tsakaninsu da likita, don aikina ke nan tun ina saurayi. Kusan shekara talatin na yi ina tafinta. Na fara da fataken shanu a hanyar Kwatano da Kumasi, daga baya na zauna a Jidda ina fassara wa alhazai marasa lafiya, na ɗan taɓa Khartum ma. Bayan Hausa da Fulatanci ina jin Larabci da Turanci da Faransanci, da Zabarmanci na cin kasuwa. Da malamar asibiti ta tambaye ni yaya nake da majinyacin, na ce ɗana ne. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Ita ta zaunar da ni ranar sallama ta yi mini bayani. Ta ce babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki, shi kuwa yanzu an ajiye shi gefe. Duk abin da ya shiga bakin mutumin nan zai fita da ruwansa da gishirinsa. In jiki ya bushe, ƙoda ce za ta fara biya, kuma ƙoda ba ta yin zafi ta sanar, sai dai a ga fitsari ya ragu ya yi duhu. Ta ce ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Kada ya kwankwaɗi ruwan randa da yawa lokaci ɗaya, don zai wuce ne kawai ya tafi da sauran gishirin jikinsa. Ya ci tuwon shinkafa da ayaba don abin da ke fita ya yi kauri. Kada a saya masa maganin ciwon jiki a kemis. In jiri ya kama shi, ko jijiyoyin ƙafa suka ɗaure, ko fitsari ya yi wuya, a dawo da shi ba tare da jiran gobe ba. Ta ƙare da cewa in ƙodar ta taɓu, ba maganar mayar da hanji sai ta farfaɗo, in ta farfaɗo.

Na rubuta duka a ɗan littafina. Ban bar kalma ɗaya ba.

Ni na yanke cewa a gidana zai yi jinya. Ruga tana da nisa da kwalta, ruwansu na rijiya ne, a gidana kuwa akwai famfo, ga mota a bakin titi. 'Yan uwansa suka dubi juna suka ce to. Shi bai ce komai ba. Na ɗauki shirun a matsayin yarda.

A ƙasashen da na zauna na ga yadda ake jinya. A Khartum mutum zai riƙe wa ɗan uwansa kofi a baki yana rantsuwa sai ya shanye. A Kumasi mata suna yi wa majinyaci faɗa kamar ya yi sata har ya haɗiye magani. A Jidda na ga alhazan gabas sun kewaye gadon nasu ba sa ko motsi. Na daɗe ina ganin mu ne muke da sakaci, mu ajiye wa marar lafiya ƙwarya mu ce Allah ya sauwaƙe mu fita. Na ce wannan karon ba za a yi haka a gidana ba.

Sai na shimfiɗa tabarmata a ƙarƙashin rumfar da ke bakin ƙofar ɗakin, na kawo littattafaina da rediyo. Kowace safiya ni da hannuna nake auna gishiri da sukari, in cika gorunan roba, in ajiye masa a gefen katifa. In na leƙa na ce ya sha, yakan ce, "Zan sha, Baba." In na tafi masallaci na dawo, sai in tarar gora ta yi ƙasa, wani lokaci ta ƙare. In yi alama a littafina in ji daɗi.

Makewayin baƙi yana can kusurwar tsakar gidan waje. Duk wanda ya fito daga ɗakin zai je can, dole ya bi ta gaban tabarmata. A kwanakin nan ban taɓa ganin ya wuce ba. Na ɗauka yana zuwa lokacin da nake masallaci, kuma haka ne. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin asuba da azahar a wurin mutum mai jaka a ciki. Bayan mako guda, da na ga kamar yana ramewa, sai na ƙara himma. Na daina zuwa masallaci azahar da la'asar, ina yin su a kan tabarmata don kada in bar shi shi kaɗai.

Ɗiyata takan kawo abinci ta durƙusa ta tura kwanon cikin ɗaki ta juya. Ba ta shiga. Wata rana na yi mata faɗa, na ce mijinta na kwance tana yi kamar baƙo ne. Ta tsaya kanta a sunkuye, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce in yi haƙuri, ta wuce. Uwarta ma ta ce mini sau biyu ko zan ɗan je zaure in sha iska. Na ce iskar rumfa ta ishe ni.

Ina yawan jin yana tari, gajere, busasshe, sau biyu ko uku a jere. Na aika aka sayo masa zuma da lemun tsami. Sai daga baya na san ba tari ba ne. Hanjin da aka fito da shi yana yin ƙara ba da izinin mai shi ba, shi kuma yana rufe ƙarar da tari don kada ta kai kunnena.

Ina kuma tambayarsa fitsari. Na fassara wannan tambaya sau dubu a harsuna huɗu, ta zame mini kamar tambayar kwana. In tsaya a bakin ƙofa in ce yaya fitsari, da yawa ko kaɗan, fari ko ja. Yakan ce lafiya lau. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, ina hango shi yana murza sharaɓarsa. Na ce zafin bazara ne, kowa ma haka yake ji.

A rana ta goma sha biyu taubashiyata ta zo dubiya daga Kalgo a kan babur. Ɗiyar kawuna ce, mun tashi tare, kuma a duk duniya ita kaɗai ke gaya mini abin da ta ga dama. Mijinta makiyayi ne kafin ya rasu. Tun da na dawo daga yawona take kirana Bature. Ta gaida majinyaci daga bakin ƙofa, ta dube shi, ta dubi tabarmata. Ta zaga bayan gida don ta gaida maƙwabciya. Ba a jima ba ta dawo.

"Bature, tun yaushe awakinku suka fara cin bango?"

Na ce tun da suka ji labarin zuwanta, sun san ba abin da zai rage a tukunya.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in taso. A bayan ɗakin, ƙasa da taga, awaki uku sun jeru suna lasar bango. Ta kore su da gefen zane. Daga bakin taga har ƙasa akwai wani dogon tabo mai duhu, gefensa ya yi fari kamar an barbaɗa gari, tururuwa na bin sa. Ta kankaro da farce ta ɗanɗana, ta kankaro wani ta miƙo mini. Gishiri ne, da ɗan zaƙi a bayansa.

"Kai ka haɗa mishi wanga ruwa?"

Na ce ni ne.

"Kai ne kuma zaune bakin ƙofa tun safe?"

Na ce ai don in tabbatar yana sha ne.

"Yare shida a bakinka, na gidanku kaɗai ba ka ji. Wa ka taɓa gani ya sha ruwa gaban surukinai? Kai ka sha gaban uban matarka?"

Ban sha ba. Nan take na tuna wata rana ina ango, na je gaida uban matata a Ceberu cikin irin wannan zafi. Aka ajiye mini fura da ruwan sanyi, tsohon yana zaune a gefe. Na ce na ƙoshi. Na tako da ƙafa har Gwandu harshena na manne da dasashi, ina jin kaina namiji. Shekara arba'in ke nan, na kuma manta da ita sarai.

Na ce mata amma wannan ciwo ne, ko azumi Allah ya ɗauke wa marar lafiya.

Ta ce, "Allah ya ɗauke. Kai ka ɗauke tabarmarka?"

Ta kore ni zuwa zaure, ta ƙwala wa ɗiyata kira, suka shiga ɗakin tare. A can ne magana ta fito, kuma ta bakin ɗiyata ta iso gare ni daga baya. Ba ya iya sha ina kallo. In na tafi masallaci yana da ɗan lokaci kaɗan, sai ya fara zuwa ya zubar da jaka, ya dawo ƙishi na cinsa ya kwankwaɗi ruwan buta, wanda aka ce kada ya yi. Ruwan gorar kuwa, ya gano in ya sha da yawa jakar za ta cika kafin sallah ta gaba, kuma ba zai wuce ta gabana da ita a cike ba. Ba zai kuma bar gorar a cike in dawo in ga bai bi maganata ba. Sai ya kurɓi kaɗan, sauran ya tsiyayar ta taga a hankali, a jikin bango, don kada in ji ƙarar zuba. Ranar da taubashiyata ta zo, rabonsa da fitsari tun safiyar jiya. Da suka ce ya tashi, ƙafafunsa suka ƙi.

Aka samo mota. Na buɗe gaba zan shiga, taubashiyata ta riƙe murfin. Ta ce in shiga ta haya in biyo su, a bar yaron mutane ya jiƙa maƙogwaro a hanya. Na tsaya a bakin titi da ɗan littafina a aljihu, cike da alamomin gorunan da bango ya sha.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Likita ya ce ƙodojin sun kusa tsayawa. Kwana biyu ana ƙara ruwa fitsari bai sauko yadda ake so ba, sai aka tura shi Sakkwato wankin ƙoda. Kafin su tafi, malamar nan ta tare ni a baranda ta tambaya ko akwai abin da ban gane ba a bayaninta. Na ce na gane duka, na gaya mata abin da ya faru. 'Yar yankin nan ce. Ta ce, "Baba, ai ce mini ka yi ɗanka ne. Da ka ce suruki ne, da na ce a kai shi ko'ina ban da gidanka."

An yi masa wankin sau da dama kafin fitsari ya dawo. Da aka sallamo shi, tunanin ruga bai taso ba, don yanzu yana buƙatar ruwa mai tsabta da mota a kusa fiye da da. Ni na tattara kayana na koma Kalgo, ɗakin marigayi mijin taubashiyata. Wata biyar na yi a can. Gidana ya zama nasa da ɗiyata.

Labari yakan zo mini ta hanya mai nisa. Ɗiyata ta gaya wa uwarta, uwar ta buga wa taubashiyata waya, ita kuma ta leƙo ta same ni. A farko takan ce, Bature, yau kamar shayi ba madara. Bayan wasu makonni ta ce yau kamar ruwan lemun tsami, ka iya cin tuwonka. Ni da na yi wa manyan likitoci tafinta, na koma ina jiran tsohuwa mai sayar da nono ta fassara mini launin fitsarin surukina. Na ji ɗiyata ta ajiye gorunan roba, ta samo ƙaramar randa ta zuba ruwan gishirin a ciki don ya yi sanyi, ta ba shi ɗan ludayi. Tana zaune a ɗakin tana tsince shinkafa, in ta gama faranti ɗaya ya sha ludayi ɗaya. Ba ta rubuta komai ba.

Sai bayan damina aka mayar da hanjin. Jaka ta tafi, wurin ya warke ya bar tabo. Ƙodojin ne ba su dawo yadda suke ba. Likita ya ce ba shi ba yini a rana, ba shi ba azumi, kuma a riƙa kawo shi gwajin jini. Shanun da ya san kowace da sunanta da na uwarta suna hannun ƙanensa yanzu. Shi yana zaune a inuwa a ruga yana tufka igiya. An ce mini in garke ya dawo da yamma yakan miƙe ya je ya tsaya a gefe, bijimin da ya rena ya zo ya sa masa hanci a tafin hannu.

Da Fulatanci ana ce wa wannan kunyar semteende. Na san kalmar tun ina goye. Na taɓa yi wa wani likita Balarabe bayaninta a Jidda, har ya yi mamaki ya rubuta. Ba na zagin ta, don da ita aka girmama ni shekara bakwai ina jin daɗi. Ba na kuma iya yabon ta kamar da. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya zaɓi ƙishi a kan ya ɗaga kofi a gabana, ni kuma ina zaune taku uku daga gare shi ina karanta littafi.

Sau ɗaya na nemi gafararsa. Ba zan iya fuska da fuska ba, shi ma ba zai iya saurara ba, don haka na aiki taubashiyata. Ta dawo ta ce ya ce Baba bai yi masa komai ba sai alheri. Ta faɗa ba tare da tsokana ba, ta tashi ta ba ni wuri. Da ya ce bai yafe ba, da na fi samun barci.

Watan jiya suka zo, shi da ɗiyata, za su kwana su wuce asibiti da safe. Na fito zaure na ga takalmansa a bakin ƙofa. Na roba ne, irin na makiyaya, an tsaga saman kowane da reza don ƙafa ta samu shiga. Da ya tsuguna gaishe ni sai da ya dafa ƙasa. Idon sawunsa ya ɓace cikin kumburi. Ɗiyata ta gaya wa uwarta cewa yanzu gishirin ma an ce ya rage, ruwa kuma da awo, kuma gwajin wannan karon ne zai nuna ko zai koma wankin ƙoda, wanda in an fara ba ranar dainawa.

Aka sauke su a ɗakin nan. Na san yana da ƙwayoyin da yake sha bayan la'asar. Da lokaci ya yi na ɗaga murya na ce wa matata zan leƙa kasuwa, ba zan dawo ba sai magariba. Na buga ƙofar zaure yadda za a ji. Na fita, na bi ta lungu, na zaga bayan ɗakin.

Jar akuyar tana can. Ta ɗago ta dube ni, ta matsa kaɗan, ta ci gaba. Na jingina da bango a gefen taga inda ba za a gan ni ba. Na ji muryar ɗiyata ƙasa-ƙasa tana ce masa ungo. Na ji ƙarar moɗa a bakin kofi. Na ji ya yi bisimilla.

Na kafa ido a bakin tagar. Na daɗe a tsaye, har ƙafata ta yi tsami, har aka fara kiran sallah a masallacin unguwa. Ba abin da ya zubo. Akuyar ba ta daina lasa ba.